Sati Shida Ina Ƙanwar Mijina

Ranar sunan ɗana na uku aka nemi raba ni da mijina, kuma ba wani mugu ne ya nemi yin hakan ba. Wata tsohuwa ce mai tsoron Allah, wadda ta zo barka da sabulu sanda biyu da kwanon masa.

Iya mai masa muke ce mata. A Ƙofar Wambai aka haife ni, nan aka haifi mijina, gida huɗu ne tsakaninmu, kuma babu ɗan unguwar da bai ci masarta ba. 'Ya'ya goma sha ɗaya ta haifa, don haka ba a taɓa ganinta babu goyo ba. Mijina ma a hannunta ya rayu. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo bayan haihuwarsa, Iya ta haɗa shi da nata ta shayar har ya yi ƙwari. Wannan kowa ya sani. Sai dai tun ina ƙarama ɗanta soja ya ɗauke ta, aka yi ta yawo da ita daga wannan bariki zuwa wancan, har Kudu. Ba ta ga bikinmu ba. Da aka dawo da ɗan nata barikin Shadawanka na nan garin, ta ji yaron da ta shayar ya samu ƙaruwa a Tirwun, unguwar da muke zaune, sai ta hau keke napep ta zo.

Ina zaune a bakin gado, na sha lalle hannu da ƙafa, ta karɓi jariri ta yi masa addu'a. Ta dube ni ta ce, "Masha Allah. Ita mai jegon 'yar wane gida ce?"

Aka kwatanta mata gidanmu, aka ce 'yar farin matar ƙaramin maigidan ce. Ta ajiye jaririn a hankali, ta dafe ƙirji, ta ja salati mai tsawo. Ta ce, "Wannan ai na shayar da ita."

Da farko mata dariya suka yi, suna zaton tsufa ne. Da suka ga tsohuwa tana share hawaye da bakin zane sai dariyar ta ɗauke. Duk wadda ta taɓa leƙa islamiyya ta san abin da maganar ke nufi. In mace ɗaya ta shayar da ku, kun zama wa da ƙanwa, aure ya haramta a tsakaninku, ko da kuwa kun haifi 'ya'ya cike da mota. Kafin la'asar an watse, an bar mini shinkafa tukunya guda ba a taɓa ba.

Shi kuwa mijina, Allah ya zuba masa waswasi. Mutum ne da yake kulle ƙofa ya kai bakin titi ya dawo ya duba, ya sake komawa ya sake dawowa. Alwala ɗaya takan ci masa buta biyu. Labari na isa gare shi a rumfar maza, ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin da muka shekara tara muna kwana, ya yi sallama kamar mai karatun mitar wuta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baiwar Allah, ki miƙo mini jakata."

Na ce, "Wace ce baiwar Allah?"

Ya ce, "To me zan ce miki?"

Na ce, "Abin da kake ce mini jiya."

Ya ce, "Jiya daban."

Ya kwashi kaya kala uku ya koma gidan yayansa a cikin gari. Amma fa cikinsa bai yi ƙaura ba. Kullum ya tashi daga ofis sai ya biyo da cefane, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya aiko a kai masa tuwo. Ranar da na aika masa cewa wanda ya bar gida ya bar tukunyar gidan, sai ya aiko da amsa wai ya tambayi malamai, sun ce cin abincin ƙanwa halal ne. Babbar 'yarmu, mai shekara takwas, ita ce 'yar aiken. Wata rana ta dawo da kwanon ta tsaya tana kallona, ta ce, "Mama, wai yanzu Baba ya zama kawunmu? To wa zai zama Baba?" Na ce ta ɓace mini da gani.

Zan faɗi gaskiya. A shekara taran nan na haɗa kayana a akwati ya fi sau biyar, ina cewa na gaji da mutumin da yake ƙirga ashana. Amma da aka ce za a ɗauke mini shi, ba da saki ba, ba da faɗa ba, haka kawai a wayi gari a ce auren ma tun asali babu shi, sai na ji tsoro ya kama ni har cikin ƙashi. Ina son mijina. Ban taɓa faɗa da baki ba sai da aka ce yayana ne.

Wadda take taya ni zaman jego ita ce 'yar baffana. Gida ɗaya aka haife mu, wata ɗaya, ita ta riga ni da kwana tara. An haife ta da cindo aka yanke, har yau ɗan tsiron yana nan a gefen ƙaramin yatsanta, da shi nake tsokanarta tun muna yara. To wannan karon ta samu abin rama wa. In ta ji sallamarsa a waje sai ta leƙo ta ce, "Tashi ki gaida yayanki, ba kya da ladabi ne?" In na harare ta ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, in kin tashi sabon aure shi zai karɓi sadaki." Wata rana na jefe ta da ludayi, ya same ta a kafaɗa, ban kuma ba ta haƙuri ba.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da za ta iya warware maganar. Babana ya rasu, baffa ya rasu, matar baffa ma ta rasu. Saura mahaifiyata. A nan kuwa matsalar take.

Ni 'yar fari ce, mahaifiyata kuma Bafulatanar ƙauye ce mai alkunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa wani, "Ina waccan?" Ba ta taɓa cewa ni 'yarta ce ba, ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin goggona. Ranar bikina Adda gidan maƙwabta ta gudu ta wuni. Duk haihuwar da na yi ba ta zo suna ba, sai dai ta aiko da yaji da kanwa a ce daga gida. Ita kuwa 'yar baffana, a cinyarta ta girma. Ita ake yi wa kitso, ita ake ajiye wa ƙanzo. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, amma yaro bai san al'ada ba. Na girma ina jin cewa matar nan ba ta damu da ni ba, kuma ko da na yi hankali abin bai gama fita daga raina ba.

Na saɓa jariri na tafi Ƙofar Wambai. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa rariya. Na zayyana mata komai, tun daga kwanon masa har tabarmar ƙofar gida. Na ce, "Adda, ke kaɗai kika sani. Iya ta shayar da ni ko ba ta shayar da ni ba?"

Ta ce, "Wa?"

Na ce, "Ni."

Ta kaɗe rariya ta ce, "Allah ya kyauta."

Na ce, "Aurena fa zai mutu."

Ta juya wajen ƙanwata da ke wanke-wanke ta ce, "Ki gaya wa waccan wannan zancen manya ne, ta je wajen goggonta." Goggon nan kuwa ta shekara huɗu a kabari. Na tashi ina huci, na ce a raina yanzu na ga ikon Allah, uwata yayata ce, mijina yayana ne, ni kaɗai ce ba ni da kowa sai yayye.

Da aka shiga sati na huɗu, arba'in ta kusa, mutum yana ta cin tuwona a kan tabarma yana ce mini baiwar Allah, sai haƙurina ya ƙare. Na ɗauki mayafi na nufi kotun shari'ar Musulunci. Magatakarda ya buɗe littafi ya ce, "Wa kike ƙara?"

Na ce, "Mijina."

"Duka ne ko rashin ciyarwa?"

"Ko ɗaya. Cewa ya yi shi yayana ne."

Ya ajiye biro ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce in sake faɗa a hankali.

Ranar zaman farko alƙali ya saurari kowa. Dattijo ne mai sanyin magana, yana da ɗan fanka na hannu da yake nuna mutane da shi. Iya ta rantse ta maimaita maganarta, tana kuka tana cewa ita ba ta son ta tashi gaban Allah da wannan kaya a ka. Alƙali ya ce ta yi daidai da ta faɗa. Sannan ya yi bayani cewa maganar mace ɗaya, wadda ba a taɓa jin ta ba sai bayan an ɗaura aure, ba ta isa ta raba aure ba. Na ji kamar in yi guɗa. Sai ya juya fankan wajen mijina ya ce, "Amma kai miji, in ka buɗe baki a nan ka tabbatar cewa 'yar'uwarka ce ta shayarwa, to kai ka raba da kanka, ni rubutawa kawai zan yi. Me ka ce?"

Mijina ya miƙe, gumi yana bin wuyan rigarsa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai tun da nake ban taɓa jin Iya ta yi ƙarya ba."

Na ce, "Ni ka taɓa jin na yi?"

Ya ce, "Ke ai jaririya ce lokacin."

Alƙali ya ɗaga fanka ya ce masa, "Tsaya nan. Kada ka ƙara ko harafi ɗaya. Zauna." Ya tambaya ko uwar mai ƙara tana raye. Aka ce tana nan. Ya ce a kai mata sammaci, ya ɗaga zama zuwa sati biyu. Ƙanwata ta ba ni labari cewa da masinjan kotu ya je ya tambayi Adda ko ita ce mahaifiyar wance, cewa ta yi, "Akwai dai mai irin sunan a gidan nan da." Amma ta karɓi takardar, domin tana tsoron hukuma kamar yadda take tsoron kunama.

Sati biyun nan ban ji daɗin abinci ba. Na san mijina. In aka bar shi da waswasinsa, wata rana zai furta kalmar nan don kawai ya samu barci. Kuma na san Adda. Ina ganin za ta iya tsayawa gaban alƙali ta ce Allah ya kyauta.

Ranar ta zo. Kotu ta cika, don labari ya zaga, har masu ƙarar gado da masu rikicin haya sun ƙi tafiya bayan an gama da su. 'Yar baffana tana gefena riƙe da jariri. Adda ta shigo ta ja mayafi har kan hanci, ta zauna can nesa da ni kamar ina da ƙyanda.

Alƙali ya nuna ni ya ce, "Hajiya, kin san wannan?"

Ta dubi bango ta ce, "Ina ganinta."

"'Yarki ce?"

Ta ce, "'Yar marigayi ce."

"Marigayin shi kaɗai ya haife ta?"

Mutane suka fashe da dariya, ɗan sandan kotu ya tsawatar, shi ma yana danne tasa. Alƙali ya yi murmushi ya ce shi ma ɗan fari ne, har tsohuwarsa ta koma ga Allah "mutumin nan" take ce masa, don haka ya san ciwon. Ya ce ba zai sa ta kama suna ba. Ya ce Iya ta ba da labarin ranar daki-daki, Hajiya ta saurara kawai.

Iya ta gyara zama. Ta ce da damina ne, Adda ba ta daɗe da tarewa a unguwar ba. Kullum da safe tana ganin yarinyar nan, wato Adda, ta zo sayen masa da jaririya a baya, tana yi mata wasa, tana share mata baki. Ranar nan hadari ya taso, Adda ta tuna ta bar shanyar gero a tsakar gida, ta sauke goyon ta miƙa mata ta ruga. Ruwa ya tsuge. Jaririya ta yi ta tsala ihu har ta shiɗe. "Ni kuwa ina da nono, ga 'yar mutane za ta hallaka. Na ba ta. Ta sha ta ƙoshi, ta riƙe mini yatsa da ɗan hannun nan nata mai cindo, ta yi barci. Da uwar ta dawo kunya ta hana ni faɗa."

Na ji 'yar baffana ta daina jijjiga jariri.

Daga cikin mayafi wata 'yar murya ta ce, "Mai cindo ba ita ba ce."

Alƙali ya ce, "Ɗaga murya, Hajiya, magatakarda bai ji ba."

"Mai cindo ta facalata ce. Matar yayan maigida."

Iya ta ce, "Haba, ke da kullum tana bayanki?"

Adda ta ce, "To da wa zan goya a gaban mutane?"

Nan fa kotu ta ɗauki hayaniya. Tsofaffin da ke wurin suka yi ta gyaɗa kai, don sun gane. Mace mai alkunya ba ta fita da ɗan farinta a baya tana yi masa wasa jama'a na kallo. Sai ta ɗauki na wata ta goya. Adda baƙuwa ce a unguwar lokacin, Iya ta ga goyo a bayan mace, ta ɗauka nata ne, shekara talatin da huɗu tana ɗauke da kuskuren.

Iya ta ce ai cindo ana yankewa, wa ya sani ko an yanke wa mai jegon. Alƙali ya sa wata ma'aikaciyar kotu ta duba hannuwana. Ta juya su gaba da baya, ta lalube gefen yatsu, ta ce babu komai sai sauran lalle. Na kamo hannun 'yar baffana na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Iya ta matso ta shafa ɗan tsiron, ta sake jan salati, ta rungume ta tana cewa 'yata, 'yata. Na raɗa wa 'yar baffana a kunne, "Tashi ki gaida yayanki."

Na ɗauka an gama. Ashe waswasi bai gama ba. Mijina ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to in wata ranar ce daban fa? Ko an taɓa barin ita wannan ɗin a wajen Iya, an manta?" Wallahi da jaririn yana hannuna da na ajiye shi na shaƙe mutumin nan a gaban hukuma.

Alƙali ya ce tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana wajen mutum ɗaya. Ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, auren nan da 'ya'ya uku yana bakinki. Lokacin da kike yawo da 'yar facalarki, ita wannan tana ina? Wa yake ba ta?"

Adda ta sunkuyar da kai. Ina kallon yatsunta suna murza bakin mayafi. Sannan ta ce, "Tana ɗaki. In na dawo sai in rufe ƙofa in ba ta. Ban taɓa fita da ita ba, ban taɓa miƙa wa kowa ita ba. Ko uwar maigida ta ɗauke ta, ina laɓe a bayan ƙyaure har ta dawo da ita. Ranar ruwan nan ma ba gero na bari ba. Ita na bari tana barci, na ji tsawa, na san za ta firgita." Ta ja numfashi. "'Yata ce. Ni kaɗai na shayar da ita, wata ashirin da biyu. Ranar da aka kai ta ɗakin goggonta kwana uku ban ci abinci ba, na ce zazzaɓi nake yi."

Ta ja mayafin ta rufe fuskar gaba ɗaya. Ni kuwa da na shigo da shirin faɗa, na tanadi maganganu tun daga gida, sai ga ni ina kuka da majina a gaban masu rikicin haya.

Alƙali ya ce aure yana nan daram, miji ya koma gidansa yau, ba gobe ba. Ya ƙara da cewa in ya sake jin an ce baiwar Allah a gidan nan, shi da kansa zai zo cin tuwon.

A waje mijina ya matso yana sosa ƙeya, ya kira ni da sunan da yake kirana a da. Na ce ya je ya ɗauko jakarsa tukuna, kuma ya biya ya sayo ludayi. Na nufi Adda tana ƙoƙarin shiga keke. Na ce, "Adda, ashe haka ne?" Ba ta dube ni ba. Ta ce wa 'yar baffana, "Ki gaya wa waccan ta rufe wa yaron kai, akwai iska." Keke ya ja.

Bayan kwana biyu na koma kotu na ce wa magatakarda ina son kwafin shari'ar. Ya ce ai na yi nasara, masu ɗaukaka ƙara ne suke neman kwafi. Na ce ni dai a ba ni. Ya buga hatimi ya miƙo mini.

Tana nan a ƙasan akwatina, tare da takardun haihuwar yara. Mijina ya ɗauka don shi na ajiye, saboda ranar da waswasi zai motsa, ban kuma gyara masa ba. Adda ba ta sake faɗar kalmar nan ba, na kuma san ba za ta sake ba. Har gobe in na je gida "waccan" ce ni. In abin ya dame ni sai in dawo in buɗe akwati, in nemo shafi na uku, wajen da magatakarda ya rubuta da hannunsa cewa mai shaida ta ce 'yata ce. Sai in mayar in rufe, in je in ɗora tukunya.